Masu Gyaran Murya a Kastelfidardo

Daga Ankona, a bakin teku a gabashin Italiya, mota ta hau da ni tudu zuwa Kastelfidardo. Ƙaramin gari ne, amma tun 1863, da Paolo Soprani ya buɗe shagonsa, aka san shi da ƙera akodiyon, abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji, ana ja ana matsawa kamar zugazugin maƙera.

Gidan tarihin akodiyon da ke tsakiyar gari ban daɗe a cikinsa ba. Hankalina yana wani ɗaki a bayan wani shago, inda na tarar da wani dattijo sunkuye a kan tebur, magagari a hannu.

Cikin akodiyon cike yake da ƙananan harsunan ƙarfe. Mutanen garin suna kiransu "voci", wato muryoyi. A kan ƙananan alluna suke, kowane allo na ɗauke da harshe biyu, ɗaya na ja, ɗaya na matsawa, an liƙe shi a katako da kakin zuma haɗe da ƙaro. Babban akodiyon mai maɓalli 41 a dama da 120 a hagu yana iya ɗaukar harsuna sama da 400. Kowanne sai an bi shi da hannu.

Dattijon ya taka zugazugi da ƙafa, iska ta ratsa harshe ɗaya, ya kasa kunne. Ya kankare bakin harshen kaɗan, murya ta hau. Da gindinsa ya kankare, da ta sauka. Haka ake yi wa harmonika ta baki ma, sai dai harsunanta galibi na tagulla ne. Kuma abin da magagari ya ci, ya ciwu ke nan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan ya saita harshen daidai a kan karkarwa 440 a daƙiƙa, sai ya ɗauko wani harshen mai murya iri ɗaya ya gusar da shi zuwa 444, da gangan. Na ɗauka hannu ne ya zame. Da ya haɗa su, sai sautin ya kama rawa, sau huɗu a daƙiƙa. Wannan rawar ce Faransawa suka yi suna da ita a kiɗan "musette". Masu kiɗan jaz kuwa sun fi son busasshiyar murya, ba rawa.

Ya miƙo mini magagarin in gwada. Na dubi harshen, na dubi hannuna, na mayar masa da kayansa.