Hannun da Ya Riƙe Kyamara da Hannun da Ya Riƙe Yaro



Duk sa'ad da Salla ta gabato, ko kuwa 'yan lakwal suka sami hutu, akwai tambayar da takan yawaita a wannan dandali na mutanen Difa da kewaye, musamman daga magidanta matasa waɗanda Allah ya azurta da 'ya'ya ƙanana, ya kuma hore musu ɗan abin da za su fita da su shan iska: shin wayar da ke aljihu ta wadatar wajen ɗaukar hoton wannan rana, ko kuwa sai an nemi babbar kyamara irin ta masu hoton biki? Amsoshin da nake gani suna zagayawa galibinsu an kwaso su ne daga mutanen ƙasashen da ke da manyan filayen wasa masu lilon lantarki, inda babu ƙurar hunturu, babu zafin bazara irin namu, babu kuma dokar ta-ɓaci. Saboda haka na ga ya dace in faɗi abin da na fahimta, gwargwadon ƙasarmu da halin da muke ciki.

Mu fara da duba inda muke kai yaran, domin wurin shi zai yanke hukuncin kayan. Mutumin Amurka yana da filin wasa na Disneyland tun 1955. Mu a nan abin da muke da shi shi ne filin Idi da safiyar Salla, da bakin kogin Komadugu a wuraren da hukuma ta yarda a je, lokacin da ruwan da ya taso daga kogunan Haɗejiya da Jama'are ya cika ya batse a ƙarshen shekara, da lambunan tattasai idan sun nuna sun yi jajir, da filin kokawa, wanda duk wanda ya halarci gasar takobin ƙasa da aka yi a garin nan a ƙarshen 2022 ya san irin jama'ar da yake tarawa. Wanda ya sami iko kuma yakan ɗebi iyali ya bi hanyar Maine-Sorowa da Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 1,300, har Yamai, domin yara su ga zaki da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, kuma wanda a ranakun Salla ko wurin sa ƙafa sai an nema. Duk wanda ya dubi waɗannan wurare da idon basira zai ga babu ɗayansu da ya rasa cunkoso, ko ƙura, ko ruwa mai zurfi, ko dabba mai haƙori, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana neman idon babba da hannunsa su kasance a kan yaro.

To, a nan mas'alar take. Allah ya ba uba hannuwa biyu, kuma a ranar fita ɗaya daga cikinsu haƙƙin yaro ne, ba ya halatta a ba wani abu aronsa. Kyamarar da ba ta ɗaukuwa sai da hannu biyu, wadda sai mutum ya rufe ido ɗaya ya cusa ɗayan a cikinta, ya tsaya yana murza wannan yana daidaita wancan, ta karɓe masa hannuwansa da idanunsa gaba ɗaya, alhali ɗan shekara uku ba ya buƙatar fiye da ƙiftawar ido kafin ya kutsa cikin taro ko ya gangara bakin ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Yaro amana ne da za a tambaye ka a kanta, shi kuwa hoto, kome kyansa, ƙari ne a kan ni'imar ranar. Saboda haka mizanin da nake auna kowane kaya da shi shi ne ko zai bar mini hannu ɗaya a sake.

Malaman usulu, kamar Imam Shaɗibi, malamin Andalus wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: abin da yake larura, da abin da yake buƙata, da abin da yake ƙawa. Ban ga tsarin da ya fi wannan amfani ga mai haɗa jakar tafiya ba.

Larura ita ce waya wadda aka cika ta da caji tun dare, aka kuma rage mata kaya domin kada ta ce wuri ya ƙare a daidai lokacin da ake so. Da ƙaramin batirin ajiyar caji da igiyarsa. Da maɗaurin da zai rataye wayar a wuya ko a wuyan hannu. Da leda mai zif wadda za ta tsare ta daga ƙura da ruwa. Nauyin waya bai cika wuce giram 200 ba, alhali babbar kyamara da gilashinta sukan kai kilo guda ko su zarce, kuma wanda zai saɓa yaro mai barci a kafaɗa bayan la'asar shi ya san bambancin. A cikin larura kuma nake sa hoton farko na ranar, wanda ya fi sauran duka fa'ida: kafin a bar ƙofar gida a tsayar da kowane yaro shi kaɗai, a ɗauke shi daga kai har ƙafa cikin tufafin da ke jikinsa, a kuma sa takarda mai lambar wayar uba a aljihunsa. Idan, Allah ya kiyaye, ya ɓace a cikin taro, nuna wa jama'a wannan hoto ya fi dogon kwatance sauri, domin uban da hankalinsa ya tashi yakan manta ko launin rigar ɗansa.

Buƙata kuwa tana shigowa ne a inda waya ta gaza, kuma adalci ne a faɗi inda take gazawa. Tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje, kuma har yau kowace kyamara a kan wannan asali take aiki: gwargwadon hasken da ta tara, gwargwadon kyan hotonta. Allon da ke karɓar haske a cikin waya ƙarami ne ƙwarai, saboda haka da rana tsaka takan yi abin mamaki, amma da zarar magariba ta kawo jiki, ko aka shiga rumfa mai duhu, sai hoton ya yi dishi-dishi, yaro mai gudu kuma ya fito kamar hayaƙi. Haka nan idan aka jawo abu mai nisa da yatsu biyu, yawancin wayoyi yanke tsakiyar hoton kawai suke yi su faɗaɗa shi, shi ya sa 'yan kokawa a tsakiyar fili sukan fito babu fuska. Wanda wannan ya dame shi, kuma yana da hali, ƙaramar kyamara mai gilashi ɗaya ta ishe shi, ko dai mai jawowa daga milimita 18 zuwa 55, ko kuwa tsayayye mai milimita 35 wanda ke shan haske da yawa. Ya saita ta tun daga gida a kan saurin ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa, domin wannan shi ke tsayar da yaro mai tsalle, sa'an nan kada ya sake taɓa saitin.

Sharaɗin gilashi ɗaya yana da dalili wanda mutumin Difa ya fi kowa saninsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ke shiga inda ido ba ya gani, kuma duk sa'ad da aka kwance gilashi domin a sauya wani, cikin kyamarar a buɗe yake, ƙurar ta sauka a kan allon hasken, daga nan kowane hoto ya fito da ɗige-ɗige a sararin sama. Kada kuma a goge gilashi da bakin riga, domin rairayi yana karce shi. A fara hure shi tukuna, sa'an nan a shafa ƙyalle mai laushi. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura awo 40, barin waya ko kyamara cikin mota a rufe yana gajiyar da batir, wani lokaci ya kumbura shi.

Ƙawa ita ce sandar kafa kyamara mai ƙafa uku, da dogon gilashi irin na 'yan jarida, da fitilar walƙiya ta dabam, da jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Waɗannan duka a bar su a gida. Na ƙarshen ma ya wuce batun nauyi, domin a jihar da aka kafa wa dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, tayar da irin wannan na'ura ba da izini ba jawo wa kai da iyali fitina ne. Cin bashi ko taɓa kuɗin cefane domin sayen kyamarar yini ɗaya kuwa israfi ne a fili. Wanda zai sayi ta hannu ya haska fitila cikin gilashinta ya duba ko akwai karce ko hazo, ya tabbata batir da abin cajinta suna aiki, ya kuma gwada katin ajiyar kafin ya biya, gama katunan jabu masu cinye hoto sun yi yawa a kasuwa.

Bayan wannan duka, abin da ke ƙawata hoton yaro ilimi ne wanda ba a saye da kuɗi. Durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, domin hoton da aka ɗauka daga sama ƙoƙon kai kaɗai yake nunawa. Zaɓi hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ya yi taushi. Idan kuwa rana ta take, a shiga inuwar bedi. Idan yaro ya sa farar shadda, ko kuwa farin rairayi na bayansa, na'urar takan ruɗe ta duhunta fuskar, maganin kuwa shi ne ka taɓa fuskar a jikin allon wayar kafin ka danna. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007, da kayan aiki marasa yawa ya ɗauki samari da 'yan mata suna wasa a bakin kogin Kwara, kuma abin da ya ɗaukaka hotunansa shi ne mutanen sun saki jiki da shi. Kai kuwa uba, 'ya'yanka sun riga sun saki jiki da kai, wannan gata ne da babu mai hoton haya da zai same shi.

Akwai kuma ladabi, wanda ya fi kayan muhimmanci. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, kowa ya bi malamin da ya amince da iliminsa, amma babu saɓani a kan haramcin keta sitirar mutane. A bakin kogi akwai mata masu wanki da yara masu wanka. A juya kyamara daga gare su. A garinmu akwai bayin Allah da rikici ya raba da gidajensu, daga Boso da Malam Fatori da Damasak da tsibiran tafkin Cadi. Ɗaukar 'ya'yansu ba da yardar iyaye ba, balle a watsa a Facebook domin neman yabo, zalunci ne a kan wanda aka riga aka zalunta. Gada, da shingen jami'an tsaro, da barikoki, da motocinsu, ko a bayan hoton ɗanka kada su fito. 'Ya'yanka su ma suna da haƙƙi a kanka: hoton da ya nuna tsiraicinsu, ko sunan makarantarsu, ko ƙofar gidanku, ya tsaya tsakanin dangi.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata. Iyalai da yawa a kwarin Komadugu sun fita daga gida da tufafin jikinsu kawai, wasu saboda harbi, wasu saboda ambaliyar da kogin ya yi ta maimaitawa a shekarun nan, kuma akwai 'ya'yan da suka tashi yau ba su da hoton mahaifinsu ko guda. Hoton da yake cikin waya ɗaya tak yana tare da ƙaddarar wannan waya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta shi ke nan. WhatsApp kuma yakan matse hoto ya rage masa ƙwari idan ba a aika shi a matsayin takarda ba. Saboda haka idan an dawo gida a zaɓi guda goma mafiya kyau, a kwafe su a kati na biyu, a aika wa wani ɗan'uwa amintacce a wani gari, a kuma kai uku ko huɗu wurin mai hoto a wanke su a takarda, a rubuta sunayen yaran da wurin da shekarar a bayansu.

Roƙona ga iyaye maza da mata shi ne, ku ɗauki kaya kaɗan, ku ɗauki hoto kaɗan a farkon yini da ƙarshensa, sa'an nan ku mayar da na'urar aljihu, ku zauna da yaran ku amsa tambayoyinsu, domin sun fi buƙatar ganin fuskarku a kan ganin bayan wayarku. Wanda yake da wata dabara da ta yi masa amfani ya rubuta ta a ƙasa domin mu ƙaru da juna. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su, ya dawo da cikakken zaman lafiya a Difa da maƙwabtanta. Amin.