Ranar da Na Bi Maigida Panteka

Uwargida, idan maigidanki ya fara raba dare yana kallon hotunan manyan babura a waya, ki shirya. Nawa wata huɗu ya yi a haka, sai wata Asabar ya ce ya samo Honda Shadow na hannu, za a kai shi Panteka bakanike ya duba. Saukowata ke nan daga aikin dare, amma na ja mayafi na bi shi. Na wanke raunin 'yan babur da yawa a asibiti, ba zan zauna gida a ba ni labari ba.

Panteka ta Kaduna ba wurin hira ba ce. Guduma na amsa guduma, tartsatsin walda na tashi, ƙasa ta yi baƙi da man inji, yara masu koyon aiki na wucewa da ƙarfe a ka. Idan za ki je, kada ki sa farin takalmi. Ni na sa.

Babur ɗin kuwa, gaskiya kyakkyawa ne. Injinsa cc 750, alhali Boxer da 'yan acaɓa ke hawa 100 ne. Maigida har ya fara shafa tanki. Bakaniken, wani dattijo, bai kula da ƙyalli ba. Ya taɓa injin ya ji da ɗumi, ya ce a bar shi ya huce, don sai inji ya yi sanyi yake faɗin gaskiya. Ya gwada lambar jikin babur da ta takardar kwastan. Sannan ya kira ni ya nuna min lamba huɗu a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tamu 2014 ta nuna. Zanen tayar bai cinye ba, amma robar ta bushe.

Na ce, "Baba, a kwantar da shi ƙasa, mai saye ya ɗaga." Abin ya haura kilo 200. Maigida ya yi nishi, ya yi gumi, sai da yaro ya kama masa. A raina ƙafar da za ta shiga ƙarƙashin wannan nauyin nake gani.

Mun saya, bayan an rage kuɗin taya biyu. Sharaɗina: hular kwano mai rufe haɓa, ba tafiyar dare, ba ɗaukar yara. Autanmu har yau bai yafe min na ƙarshen ba.