Sikelin Kawu da Shagon Cikin Waya

Waɗanda suka yi wayo kafin a fara kashe Naira a 1973 za su tuna yadda layin masu kayan ado yake a Kasuwar Kurmi da hantsi, lokacin da rana take tsagowa ta tsakanin rumfuna ta sauka a kan murjani da tsakiya da awarwaron azurfa, ƙarar 'yar gudumar maƙeran fari tana tashi daga lungu, dillalai mata kuma suna shigowa da ƙunshi a ka, kowacce ɗauke da saƙon matan auren unguwarta. Kasuwa ce da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, kuma a nan na tashi ina yaron shagon kawuna, mai sayar da kayan ado a kan sari. Yau jikansa ne ke riƙe da sana'ar, rabin masu sari a wurinsa kuwa bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Ku yara da kuka buɗe ido kuka tarar da waya a hannun kowa, bari ku ji yadda ake ciniki a da. Mai sari zai taso daga Damagaram ko Maraɗi ko Sakkwato, ya kwana a hanya, ya iso da ƙura a rawani. Kawu ba ya fara maganar kaya sai an gaisa, an tambayi iyali da damina, an aike ni na sayo fura. Sannan ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jawo faifai ɗaya bayan ɗaya: na 'yan kunne daban, na zobba daban, na sarƙoƙi daban, mundayen Bida a gefe, azurfar Agadas a nata ƙunshin. Idan zinariya ce, sai ya ɗauko baƙin dutsen gwaji ya goga ta a kai, ya ɗiga ruwan gwaji, su sunkuya su biyu suna duban zanen ko zai dushe. Daga nan sai sikeli, ɗan ƙarami mai tafi biyu, ya riƙe shi sama daidai idon baƙo har ya daina rawa. Da miskali ake awo a lokacin, wato kimanin giram 4 da kwata. Na sha ganin ya juya sarƙa ya nuna wa mai saye inda aka yi mata gyara, ya ce, "Malam, duba nan tukuna, kada ka je gida ka ce ban faɗa maka ba." Sai an gama wannan duka ake tayi, a yi albarka, a kai ga sallama.

Yanzu mai sari yana kwance a ɗakinsa yake zaɓen kaya da babban yatsa.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Maƙeran da suke narka tsofaffin tsabar azurfa na Mariya Tereza masu ɗauke da shekarar 1780 suka yi ta raguwa, alhazai suka fara shigo da gwal daga Makka da Jidda, daga baya hanya ta buɗe zuwa kasuwar zinariya ta Deira a Dubai, kayan ruwan gwal kuma suka riƙa zuwa kwali-kwali daga Yiwu ta ƙasar Chaina. Wayar salula ta shigo a 2001, sai aiken baki ya koma kira. WhatsApp da Instagram suka biyo baya, hoto ya maye gurbin faifai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa koya wa har tsofaffin 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta banki.

Da jikan Kawu ya ga hotuna sun yi masa yawa a waya, kullum ana tambayarsa abu ɗaya sau hamsin, sai ya biya wani matashi ya gina masa shafin intanet. Shafin ya fito da ƙawa, hotuna na juyawa, rubutu duk da Turanci. Wata Hajiya da ta shekara ashirin tana sari a wurinmu ta kira ni daga Maraɗi ranta a ɓace. Ta ce datarta ta ƙare kafin hoton farko ya buɗe, da ya buɗe kuma aka ce sai ta cike wata doguwar takarda kafin ta ga farashi, sarƙar da ta gani kamar igiya a hoto kuwa, da ta iso ashe siririya ce kamar zare. "Alhaji," in ji ta, "a shagon marigayi kawunka ba a taɓa yi mini haka ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na tara su biyun, jikan Kawu da mai ginin shafin, na ce su ajiye kwamfuta tukuna in ba su labarin faifan Kawu. A kansa muka sake gini.

Faifai daban-daban ya koma rukuni a shafin farko: 'yan kunne, sarƙa, awarwaro, zobe, sai cikakken saiti na lefe, kowanne da ɗan hotonsa, yadda ko wanda karatunsa bai yi nisa ba zai gane inda zai taɓa. Gwal na gaske muka raba shi da mai ruwan gwal tun daga ƙofa, domin haɗa su wuri ɗaya shi ne mafarin rigima. Aikin dutsen gwaji da sikeli ya koma rubutu a ƙarƙashin kowane kaya: nauyinsa da giram, tsawonsa, da darajarsa, ko karat 18 ne mai hatimin 750, ko 21 mai 875, ko 22 mai 916, tare da hoton hatimin kansa. Kowace sarƙa ana ɗaukarta gaba da baya da wajen maɗauri, sannan a ɗauke ta a wuyan mutum, don ido ya san girmanta na gaskiya. Aka rage nauyin hotunan yadda ƙaramar waya za ta buɗe su ko da sabis ya yi rauni. Tunda farashin gwal yana motsi kullum, aka sa kuɗin giram na ranar a sama, da kwanan wata a gefensa. Mai sari kuma lissafinsa na dozin ne, don haka aka bayyana mafi ƙarancin abin da za a iya ɗauka, da ragin da ake samu idan an kai dozin 5 ko 10. Kowane kaya aka ba shi lamba, ta yadda Hajiya za ta ce a ƙaro mata lamba kaza ba sai ta yi ta kwatance ba. Abin da ya ƙare a cire shi ranar da ya ƙare. Aka rubuta komai da Hausa, aka sa farashi da Naira da sefa, aka faɗi yadda ake biya, da tashar da za a ba direba saƙo, da sharaɗin mayar da kaya idan ya saɓa wa hoto. A ƙasan kowane shafi akwai wurin taɓawa a yi magana da mutum mai rai, domin ɗan kasuwarmu har gobe yana son ya ji murya kafin ya tura kuɗi.

Mai ginin shafin ya ce da ni, "Baba, ai wannan shi ne abin da aka koya mana a makaranta." Na ce masa Kawu bai shiga aji ba, amma ya san baƙon da aka wahalar a bakin ƙofa ba ya dawowa.

Akwai abin da ba zai shiga waya ba, na sani. Babu fura a ciki, babu baƙon da zai kwana a zaurenmu, babu bashin da ake bayarwa don an san mahaifin mutum. A madadin haka, yarinya a Gashuwa da jarin dozin biyu tana iya fara sana'a ba tare da ta biya kuɗin mota ba, kuma wannan alheri ne da zamaninmu bai samu ba.

Sikelin Kawu yana nan a kan kanta a sabon shagon, tafinsa ɗaya ya ɗan lanƙwashe. An daina awo da shi, na lantarki ake amfani da shi yanzu. Amma duk lokacin da yaron zai rubuta nauyin sarƙa a shafin, nakan ce masa ya tuna akwai wata a Maraɗi da ba ta iya ɗaga ta a tafinta ta ji. Abin da ya rubuta shi ne sikelinta.