Ɗana da Jitar Bes: Abin da Na Saya da Sharaɗin da Na Kafa

A danginmu babu makaɗi, a dangin maigidana kuwa malamai ne kaka da kakanni. Don haka da babban ɗana (ku yi min uzuri, ɗan fari ne, ba zan kama suna ba) ya ce yana son koyon jitar bes, kafin a zo maganar kuɗi sai da aka sha maganar asali. Hajiya, surukata, cewa ta yi: "Yanzu jikan Malam ne zai zama maroƙi?" Na fahimce ta sarai. Mu nan ko Mamman Shata, da ya zauna Funtuwa kusa da mu har duniya ta san shi, muna jin daɗin waƙarsa, amma kaɗan ne cikinmu za su so ɗansu ya ɗauki kalangu.

Dalilina na goya masa baya daga Ƙanƙara ya samo asali. Yana shekara goma aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta garinmu, daren 11 ga Disamba 2020. Ba ya cikinsu, amma ya san wasu. Daga nan yaro mai surutu ya koma shiru. Filin ƙwallon bayan gari ya gagara, fita bayan magariba ta ƙare. Ƙawayena na Faskari da Sabuwa sun san wannan zaman. A wurin aiki kuma ina ganin inda zaman banza da tsoro ke kai samari: tiramol da kodin. Yaron da ya ce min yana son abin da zai zaunar da shi a ɗaki awa guda yana lissafin bugu, ni ban ga ta inda zan ce a'a ba.

Bes ita ce jita mai kaurin murya, wadda kike ji a ƙirji fiye da kunne. Daddawa ce a miyar kiɗa, ba a ganinta amma in babu ita kowa zai ce da sauran aiki. Tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri. Wani Ba'amurke, Leo Fender, shi ya fitar da samfurin da ya bazu a duniya a 1951. A waya ɗana ya fara jin ta, wurin mawaƙan Abzinawa irin su Tinariwen da Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son kiɗa.

Kuɗin adashina na kwasa, ƙanena ya sayo mana ta hannu a Sabon Garin Kano. Ga abin da zan gaya wa duk uwar da za ta bi wannan hanya. A duba wuyan jitar da kyau, a ɗaga ta a hango daga kai zuwa gindi, in ya karkace a bar ta komai arharta. A jona ta a shago a ji kowace tsirkiya. Tsawon tsirkiyar cikakkiyar bes inci 34 ne, akwai gajera mai inci 30 da ta fi dacewa da ƙaramin hannu. Akwai mai cin batir a cikinta, akwai wadda ba ta ci, mu mun ɗauki ta biyun. Ɗawainiyar batir ɗin tocila ma ta ishe ni.

Abin da mai shago ba zai fara gaya miki ba shi ne bes ba ta da murya sai da amfilifaya, kuma nata daban ne, don kaurin sautinta na iya lalata sifikar jita ta gama-gari. Da yanayin wutarmu, da kuma Hajiya da ke ɗakin kusa, sai muka sayi ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, ana soka shi a jikin jitar, a sa abin sauraro a kunne. Ƙananan batura biyu yake ci. Saita tsirkiya kuwa manhaja ce ta kyauta a waya. Darussa yana sauke su ya adana, tun da mun ga yadda aka yanke layukan waya a yankinmu a Satumbar 2021 har tsawon watanni. Da hunturu a ajiye ta cikin jakarta, bushewar iska tana lanƙwasa katako.

A nan ma'aikaciyar jinya ta karɓi magana daga hannun uwa. Makon farko yatsunsa suka yi bororo. Kada a fasa, a wanke a bar shi ya huta kwana biyu, kanta za ta fito da kanta. Kunne ne abin tsorona na gaske, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura. Gwajina mai sauƙi ne: in na kira shi daga bakin ƙofa bai amsa ba, na ƙwace na kwana guda. Sau biyu aka yi haka.

Babansa ya kafa nasa sharaɗin: sai bayan Islamiyya da aikin makaranta, in an kira salla a ajiye, kuma babu rakiyar waƙar batsa. Saɓanin malamai kan kayan kiɗa na bar wa masu ilminsa. Hajiya kuwa na ba ta labarin shugaban ƙungiyar Tal National ta Yamai, wanda ake kira Almeida, alƙali ne kuma makaɗin jita. Ta ce, "To, ya fara zama alƙalin tukuna."

Watansa takwas yanzu. Ya dawo da surutu, har ya fara isata. Makon jiya ya ce, "Umma, wasu abokaina za su yi wasa a wani biki a Funtuwa, suna neman mai bes." Na tambayi ƙarfe nawa za a tashi, ya ce bayan isha'i. Na ce masa wannan hanya da dare ko da motar asibiti ba na son bin ta, ya gaya musu su nemi wani.