Tsuntsayen Bakin Tafkin Cadi

Ran Litinin da sassafe, ina kan hanyata daga Gyadi-Gyadi zuwa makaranta a Tarauni, sai na ga shamuwa biyu bisa wata tsamiya. Na tsaya ina kallo har na kusa makara, gama sun tuna mini da Baga.

A shekara ta 2004 na yi hutun Kirsimeti can wurin kawuna, mai fataucin banda. Baga tana ƙasar Kukawa, kusa da Tafkin Cadi, wanda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kewaye. Ko a lokacin nan ba a isa bakin ruwa sai an wuce shingen masu tsaron iyaka. Ɗayansu ya ga madubin hangen nesa a wuyana, ya ce, "Malam, me kake leƙe?" Na ce, "Tsuntsaye, ranka ya daɗe." Ya juya littafina shafi shafi, ya ga zanen tsuntsaye kaɗai, sa'an nan ya bar ni, amma ya gargaɗe ni kada in duba wajen sansani.

Wani tsohon masunci ya ɗauke ni a kwalekwale daga Doron Baga. Muka bi ta cikin ciyayi, gama ruwan ya janye nesa tun farin 1973 da na 1984. Na ga zalɓe tsaye cik, da kwasakwasa, da ɗinya, da kirinjijiya garke garke. Akwai kuma baƙi, agwagin daji da suke gudun sanyin Turai, su ƙetare Hamada. Tsohon ya kwance wani ƙulli, ya nuna mini ƙaramin zobe mai rubutun Turawa da ya cire daga ƙafar tsuntsu. Ya ce, "Ɗana, wannan ba wanda ya tambaye shi takarda."

A watan Janairu 1 ga shekarar 2015 muna murna. Kwana biyu bayan haka 'yan Boko Haram suka faɗa wa Baga, suka kashe mutane da yawa, suka ƙone gidaje. Kawuna ya tsira zuwa Maiduguri. Tsohon kuwa, har yau ba mu ji labarinsa ba.

Ya ku iyaye, kada ku jira tafiya mai nisa. Ku nuna wa 'ya'yanku shamuwa da belbela na unguwarku tun itatuwan suna tsaye. Ni dai na ajiye littafin nan da fararen shafuka a ƙarshensa, ko Allah zai sa in koma.