Ganuwar Kurmin Majami'a a Ƙasar Habasha

Wanda ya bi ta arewacin ƙasar Habasha a jirgin sama, ya leƙa ƙasa wajen tafkin Tana, zai ga fili fetal, jajawur, gona na bin gona har iyakar ganinsa. Amma nan da can sai ya hangi wani ɗan kurmi kore shar, kewayayye kamar faifai, da rufin wani gini a tsakiyarsa. Ginin nan majami'a ce. An ƙiyasta irin waɗannan kurame sun kai wajen 35,000.

Addinin Kirista ya daɗe a ƙasan nan, tun zamanin Sarki Ezana na Aksum, a ƙarni na 4. Ga al'adarsu, ba a barin ɗakin sujada tsirara. Sai an suturta shi da itatuwa, don su a wurinsu kurmin misalin gonar Adnin ne, wadda Allah ya danƙa wa Adamu amanarta. A inuwarsa su ke addu'a, nan su ke binne matattunsu. Saboda haka da gatari ya cinye dazuzzukan tsaunuka, sai ya tsaya a bakin kurmin majami'a. Can zaitun na jeji ya sami mafaka, da tsuntsaye, da birai, da ƙudan zuma, da ƙwari iri iri waɗanda ba su da sauran wurin zama.

Akwai wani mutumin wannan ƙasa, sunansa Alemayehu Wassie, wanda ya tashi cikin wannan addini, ya kuma yi ilmin daji har ya sami digirin dakta a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a 2007. Kuramen nan ya nazarta. Ya bi su yana ƙirga itatuwa, sai ya ga abin da ya tayar masa da hankali: manyan itatuwa suna nan, amma ƙananan da za su gaje su sun yi ƙaranci ƙwarai. Ba wani mugu ya jawo haka ba. Shanu da awaki ne ke shiga neman inuwa, su kiwace tsiro, su tattake saura. Manomi kuma, da ya ke iyali sun yi yawa gona ta yi kaɗan, kowace shekara sai garmarsa ta ɗan ci gefen kurmin. Taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, ba mai lura.

Limaman majami'u ma ba su lura ba, gama wanda ke zaune cikin inuwa kullum ba ya ganin tana raguwa. Sai Alemayehu, tare da wata masaniyar itatuwa Ba'amurkiya mai suna Margaret Lowman, suka tara su, suka nuna musu hotunan kuramensu waɗanda aka ɗauka daga sama. Kowane ya ga nasa, ɗan ɗigo a tsakiyar faƙo.

Maganin da aka yi shawara a kansa ba wani abin mamaki ba ne: ganuwa ta dutse. Waya mai ƙaya tsada gare ta, tana kuwa tsatsa. Dutse ko ga shi birjik a gonaki, yana karya wa manomi garma. Mutanen gari suka tsince duwatsun, suka jera su kewaye da kurmin, gona ta huta, dabba ta rasa hanya. A waɗansu wurare ma an ja ganuwar ta ba da ɗan fili a waje da itatuwan, don kurmin ya sami inda zai miƙe ƙafa.

Kuramen da aka kewaye kaɗan ne ainun in an gwada da dubban da suka rage, aikin kuwa na tafiya a hankali, gwargwadon kuɗi da hannuwa. Amma inda aka gama ginin, bayan 'yan damuna tsiro ya kan fito a gindin tsofaffin itatuwa, ƙudan zuma kuma su ƙetare ganuwar da safe su sauka kan furen gonakin da ke kewaye.