Na rage ci, na ƙara tafiya, ma'auni ya tsaya cak

Mu malamai akwai maganar da ba ta barin bakinmu: duk wanda ya yi aiki zai ga sakamako. Muna faɗa wa yara ita tun daga ajin farko har ranar jarrabawar BEPC, iyaye ma suna maimaita musu a gida. A fagen karatu yawanci haka abin yake. A fagen rage ƙiba kuwa, shekara biyu ke nan ina aikin ba fashi, abin da na samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na nema ba. Na san akwai malamai da iyaye da dama, maza da mata, da ke cikin irin wannan hali suna zargin kansu da ragwanci ko kwaɗayi. Don su nake wannan rubutu.

Lokacin da na fito daga ekol normal aka tura ni ƙauye, nauyina kilo 66 ne. Fura da rana, tuwon hatsi da dare, nama sai ranar kasuwa. Bayan shekara ashirin, ga ni a birni da iyali da moto, shinkafa da taliya da burodi kullum, ma'auni ya nuna kilo 94, alhali tsawona mita 1 ne da santimita 72. Likitoci suna da lissafinsu: a ninka tsawon mutum da kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya wuce kima. In ya kai 30, ƙiba ce. Nawa ya kusa 32, jinina kuma ya soma hawa. Likita ta ce mini in ina son in daɗe ban fara shan magani kullum ba, sai in rage nauyi. Na sa wa kaina burin kilo 20.

Ban ɗauki abin da wasa ba. Bayan sallar asuba ina tafiya da sauri ta minti 40, kwana biyar a mako, wato minti 200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako. Na bar lemun kwalba gaba ɗaya, domin ƙarama mai santilita 33 tana ɗauke da sukari kimanin gram 35, kuma hukumar ta ce kada mutum ya wuce gram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. A fada, inda shayi yake zagaye uku, na koma shan kofi ɗaya. Uwargida ta koma auna mai da cokali maimakon tsiyaya shi daga kwalba. Muka yawaita wake da zogale da yakuwa da kabeji, muka dawo da tuwon hatsi, furata kuma ba a sa mata sukari.

A wata biyar na farko kilo 6 suka tafi. Daga nan ma'auni ya tsaya a 88 kamar an kafa masa ƙusa. Da azumi yakan sauka zuwa 87, bayan salla da mako biyu ya koma gidansa. Wata 19 ke nan ana haka, ban bar tafiya ba, ban koma wa lemu ba.

Da yake lissafi nake koyarwa, abin ya tsaya mini a rai, don a kan takarda bai kamata ya zama haka ba. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Gram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sukari ko hatsi yana da 4. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700. Ke nan wanda ya rage kalori 500 a yini ya kamata ya riƙa zubar da kilo 2 kowane wata har ya kai inda yake so. Da na shiga karanta abin da masu bincike suka gano, sai na ga dalilin da ya sa jiki ba ya bin wannan lissafi zuwa ƙarshe.

Dalili na farko mai sauƙi ne: ƙaramin jiki ba ya cin makamashi kamar babba, yadda moto ba ta shan mai kamar mota. Abincin da yake rage wa mai kilo 94 nauyi, shi ne wanda yake riƙe mai kilo 88 a inda yake. Sannan jiki yana ƙara tsuke hannu fiye da haka. A Amurka an yi wani shirin talabijin na gasar rage ƙiba. Wani mai bincike, Kevin Hall, da abokan aikinsa suka bi mutum 14 daga cikin ƴan gasar, suka fitar da sakamako a 2016. Bayan shekara shida, yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin da suka zubar, kuma jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a yini ƙasa da abin da ya dace da girmansu.

Dalili na biyu yunwa ce, kuma ita na fi sani da jikina. Kitse yana fitar da wani sinadari da ake kira leptin, wanda aka gano a 1994, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu. In kitse ya ragu sai shi ma ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo. Ciki kuma yana fitar da wani mai suna ghrelin da ke tayar da yunwa. A 2011 masu bincike a Ostiraliya suka nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi, sinadarin yunwa yana nan sama da yadda yake da farko, kuma mutanen suna jin yunwa fiye da da. Wannan ita ce yunwar da ke zuwa mini da ƙarfe goma na dare ina gyaran takardun ɗalibai, bayan na ci tuwona daidai. A daren bazara da zafi ya hana barci takan fi tsanani, domin ƙarancin barci shi ma yana ƙara sha'awar abinci.

Dalili na uku shi ya fi ba ni mamaki. Tafiyata ta minti 40 tana ƙona kimanin kalori 200, wanda bai kai na cokali biyu na man gyaɗa ba. Ko wannan ɗin ma jiki yakan rama wani abu daga ciki ta wata hanya. A Tanzaniya akwai wata al'umma da ake kira Hadza, masu rayuwa da farauta da tonon saiwa, suna tafiyar kilomita da dama kullum. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna makamashin da suke ƙonawa a yini, suka wallafa a 2012 cewa in aka yi la'akari da girman jiki, kusan daidai yake da na mazauna biranen Amurka da Turai. Motsa jiki yana gyara zuciya da jini da barci, amma shi kaɗai ba ya narkar da teɓa yadda muke fata.

In aka haɗa waɗannan, za a ga jikin ɗan Adam ya fi ƙwarewa wajen ajiya bisa ga zubarwa. Mu a nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Sa'o'ina sun ji labarin yunwar 1984 daga bakin iyayensu, wasu ma sun tuna ta, kuma a 2005 mun ga cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi sun cika. Har yau ana auna damtsen yara da ɗan zare mai launi don gano tamowa. Jikin da ya iya riƙe kitse shi ya tsirar da kakanninmu. Yanzu ya tarar da mai da sukari da farar shinkafa a kowane lungu, yana ta aikin da ya saba.

Wannan tarihi ne ya sa maganar ƙiba take da nauyi a baki. Wani abokin aikina ya ce mini, cikin raha amma da gaske: “Mushe, wasu na neman abin da za su ci, kai kana neman yadda za ka ƙi ci.” A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da rufin asiri. Da na zubar da kilo shidan nan na je gaishe da Inna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce: “Kai kuwa lafiya? Ko bashi ne ya yi maka yawa?” Kafin in zauna an dama fura da sukari, kuma ba a mayar wa uwa da ƙwarya cike. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga kwano ɗaya da ake ci tare, inda mai cire hannu da wuri sai ya yi bayani. Mata nasu ya fi wuya, don in mace ta rame mijinta ake kallo. Shi ya sa har yanzu ake sayar da ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda wasunsu ke tayar da sukari da hawan jini. A ɗaya gefen kuma ga shayin rage teɓa da ake tallatawa a WhatsApp, wanda da yawansa filasko ne ko makamancinsa: ruwa yake fitarwa ta gudawa, kitse yana nan inda yake.

To, in haka ne, me ya hana ni haƙura? Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ne ya sauya mini yadda nake kallon kilo shidana. An ɗauki mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Aka nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su yi motsa jiki na minti 150 a mako. A taƙaice kilo 5 zuwa 6 suka zubar, yawancinsu ba su zama sirara ba. Duk da haka, kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su bi tsarin ba. Abin da na zubar ya ɗan haura kashi 6 cikin ɗari na nauyina.

Ina da wasu ma'aunai ban da na kilo. Da zaren tela nake auna ƙuguna daidai cibiya sau ɗaya a wata: ya sauka daga santimita 106 zuwa 98, kuma wani ɓangare na saukar ya faru ne a watannin da ma'aunin kilo bai motsa ba. Shawarar likitoci ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum, wato ni 86, don haka da sauran tafiya. Kitsen ciki shi ne mafi haɗari, shi ke tafiya da ciwon sukari da na zuciya. Jinina ya sauka, har yau ba a sa ni a magani ba. Ina tsayawa gaban allo awa huɗu bayana bai riƙe ba, gwiwata ta daina ƙara in zan tashi daga sujada. Ba zan ɓoye ba, har yanzu raina yakan sosu in na hau ma'auni na ga 88, kuma rigunan da na ajiye tun ina ƙauye ba su shiga ba. Wataƙila ba za su taɓa shiga ba.

Ga wanda yake cikin irin halina, abin da zan ce kaɗan ne. Kada tsayawar ma'auni ta sa ka bar tafiyar asuba ko ka koma wa lemu, domin amfaninsu yana shiga ko kilo bai sauka ba. Ka je likita a auna jininka da sukarinka, ka kuma faɗa masa duk maganin da kake sha, don akwai magunguna da cututtuka da ke sa ƙiba, kamar raunin wata halitta da ke maƙogwaro. Riƙe abin da ka zubar shekara da shekaru ma aiki ne babba, tunda yawancin masu ragewa suna mayarwa.

Darasin da ya fi damuna a matsayina na malami kuma uba shi ne na yara. Tunda kitse in ya zauna jiki yana kare shi haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu dubi abin da ake sayarwa a ƙofar lakwal lokacin hutun tara: fanke, alawa, biskit, ruwan leda mai launi da sukari. Kuɗin da muke ba yaro da safe can suke ƙarewa, alhali da su zai iya sayen gyaɗa ko ƙosai ko mangwaro a lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum, amma a makarantu da yawa awar wasanni ita ce ta farko da ake sadaukarwa in shirin karatu ya yi baya, ƴan mata kuma a bar su a inuwa suna kallo.

Akwai kuma yaron nan ko yarinyar nan mai jiki da ke kusan kowane aji, wanda ƴan uwansa ke kira buhu ko tulu, wani lokaci malami ma ya taya su dariya. Tsokana ba ta rage wa kowa ko gram ɗaya. Abin da take yi shi ne ta sa yaro ya guji filin wasa, wurin da ya fi buƙata. Ni da nake da albashi da ilimi da matar da ke auna mini mai da cokali, shekara biyu sun ba ni kilo 6. Yaro ɗan shekara goma da bai zaɓi abin da ake dafawa a gidansu ba, bai kamata a ɗora masa laifi ba. A ajina na hana waɗannan sunaye, kuma in lokacin wasanni ya yi kowa yana fita fili, har da ni.